Ragon Suna a Kan Babur Marar Kik

Matso kusa ka ji, ɗan'uwa. Ni dai ka san ni, ɗinkin hula nake a zaurena nan Bodinga, ko kasuwa sai ta kama dole. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne: babur na shigowa unguwa zan faɗa maka na wane ne. To, matar ɗana Bello ta haihu a gidan iyayenta can Mandera, shi kuwa yana cirani. Kai ragon suna ya faɗo kaina. Surukai sun aiko cewa liman ba zai wuce takwas da rabi ba. In rago bai iso ba, da wane ido zan dube su?

Bodinga

Shida saura kwata, muna idar da asuba, ƙanena Sahabi ya turo baburinsa yana sheƙi. Ashe bokiti uku ya sheƙa masa a bakin rijiya, wai kada surukai su raina mu. Kik ɗin babur kuwa, abin tayar da shi da ƙafa, tun lokacin ɗibar albasa ya karye, sai maɓalli kaɗai. Na hau baya, aka ɗora mini rago a cinya. Sahabi ya danna, na ji ƙwas, ƙwas, sannan ya tashi.

Na ce, "Sahabi, abin ga ya yi tuntuɓe sau biyu."

Ya ce, "Yaya, kai dai riƙe ragonka."

Sifawa

Shida da kwata muka tarar da dattawa kan tabarma, cikinsu har da aminin marigayi babanmu. Ka san ba a gai da babba inji na ruri. Sahabi ya kashe, muka durƙusa. An tambayi gida, an tambayi albasa, an tambayi mai jego, har rago sai da aka yaba. Da muka tashi ya danna: ƙwas. Shi ke nan. Ya sake: ƙwas.

Tsofaffi dai ba a sa su turi. Muka ɗaure rago a kujera, ni da ban yi gudu ba tun ina saurayi na tattare riga na hau turi. Babur ya kama, Sahabi da rago suka yi gaba, suka bar ni tsakiyar titi da takalmi ɗaya. Sai da Sahabi ya juyo ya ɗauke ni.

A shingen hanya wani jami'i ya ce a kashe. Na ce, "Ranka shi daɗe, in mun kashe kai za ka tura." Ya dube ni, ya dubi rago, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Shagari

Bakwai da minti ashirin muka tsaya wurin wani bakanike, Malam Bala, yana shan koko. Ya tambayi Sahabi abin da babur ke yi. Sahabi ya ce, "Ba shi tashi dai."

"Wanga ba bayani ba ne. Mi yake cewa?"

Na ce, "Ƙwas yake cewa, sau ɗaya, daga ƙarƙashin kujera. Da asuba muryar ta fi ƙarfi, yanzu ta dushe."

Ya aje kofi ya ce, "Baba, kai ne mai babur!" Ya kwance murfin gefe ya nuna mini wani ɗan abu kamar kwalbar turare, da wayoyi biyu masu kauri. Sunansa wai solonoyi. Ya ce maɓalli ba ya iya ɗaukar wutar batir, sai dai ya aika wa wannan, shi kuma ya haɗa bakin wayoyin biyu, wuta ta wuce ga sitata ta juya inji. Haɗuwar ce ƙwas ɗin da nake ji.

"In ka ji shiru, duba fis, ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ko maɓalli. In ka ji kar-kar-kar, batir ya yi sanyi. In ƙwas ɗaya ce, ƙofa ce aka ƙwanƙwasa ba ta buɗe ba."

Ya danna ham, ham ya yi kuka lafiya, ya ce batir ba shi da laifi. Ya ɗauko sifana ya gitta kan notoci biyun da suka riƙe wayoyin. Wuta ta yi tartsatsi, rago ya zabura, sitata ta juya. Ya ce ita ma lafiyarta lau. Da ya kwance notocin, duk sun yi kore.

"Wa ke yi mashi wanka?"

Sahabi ya dubi sama.

Malam Bala ya kankare su, ya shafa giris, ya ɗaure tam. Amma ya ce cikin solonoyin ma ya sha ruwa, sabo kuma sai an buɗe shago ƙarfe tara. "Ku tahi, kada ku kashe. In ta ɓaci, a danna, a ɗan ƙwanƙwasa mashi kai." Ya bar mana murfin a buɗe, na saya masa ƙosai na ɗari biyu.

Hanyar Mandera

Takwas da minti biyar, saura tafiya kaɗan, muka hango tsoho da sanda yana takawa a hankali. Baba Magaji ne, kakan mai jego. Sahabi ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, bai gan mu ba. In wuce?"

Zuciyata ta ce wuce. Amma na tuna saboda mutunci na baro zaurena. Na ce, "Kashe."

Muka durƙusa. Tsoho ba ya ji sosai, kowace lahiya sai an faɗe ta sau biyu. Minti goma cur. Sahabi ya danna: ƙwas. Na kasa kunne, na ji muryar ta dawo irin ta asuba. Na ce, "Baba, ara mani sandarka." Na ce wa Sahabi danna, na ɗan taɓa kan solonoyin da gindin sanda. Sai kirrr, babur ya tashi!

Baba Magaji ya karɓi sandarsa ya dube ta, ya ce, "Shekara talatin ina tare da ita, ban san ta iya wanga ba."

Muka sa shi tsakiya, rago ya koma kan tanki. Muna isa, liman na zaune, jama'a na ta duban hanya. Ashe ba rago kaɗai ake jira ba: Baba Magaji ne zai faɗi sunan, kuma ba a yi sai da shi. Da mun wuce shi, da mun zauna da ragonmu muna jiran mutumin da muka bari a hanya. Aka raɗa wa yarinya Asma'u, aka yanka rago, aka yi addu'a.

Komawa

A Shagari Malam Bala ya sa sabo, ya gargaɗi Sahabi cewa tsumma mai laima ya ishi babur. La'asar ta yi mini a zaurena, ƙafa a kumbure. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Bala da sandar Baba.

To kai fa, rago a cinya, lokaci na ƙurewa, ga tsoho a hanya: da ka kashe, ko da ka wuce?