Reshen Pitaya a Tashar Tekax

A tashar motar Tekax nake zaune, ina kallon wata dattijuwa da ban sani ba. Gajeriya ce, cikin farar riga mai ɗinkin furanni a wuya. Tana rungume da reshen pitaya, tsiron nan mai ƙaya da ke hawa katangunmu. A jikinsa akwai fure guda da bai buɗe ba, ya kumbura. Duk ɗan garin nan ya san yau da dare zai buɗe, kafin hantsi ya yanƙwane.

Direban motar Merida ya tare ta a ƙofa.

"Iya, wannan fasinjan naki mai ƙaya saman mota zai hau."

"Rana ta dafa min shi? Kai ka hau saman, ni in tuƙa."

"Zai soki mutane fa."

Sai ta zare mayafinta, tana naɗe reshen a hankali, ta bar furen kaɗai a waje. Yatsanta ya yi jini, ta tsotse. Hannun nan ya saba da jinya, ina jin.

"Wa za a kai wa?" in ji direban.

"Maigidana, shi ya dasa shi. Wata biyu yana asibiti a Merida, kullum sai ya tambaya ko ya yi fure."

"Ki bari a sallamo shi mana, ai zai sake yin wani furen."

Ta dube shi kawai. Sai ya gane ba lallai a sallamo shi ba, ya buɗe mata gidan gaba.