Zanen da Ya Nuna Mana Ƙafafun Inna

Abubuwa da yawa na gidanmu na Daura sun shige mini, amma ranar da ƙanena ya yaye ƙyalle daga kan zanensa tana nan daram a raina, ba kuma za ta gushe ba.

Shi wannan ƙanen nawa zane ya karanto a jami'a, abin da Baba bai taɓa ganewa ba. Baba falken shanu ne, rabin rayuwarsa a hanyar Mashi ya ƙare, kuma a wurinsa mai zane shi ne wanda ke rubuta sunan shago a bango. Yaron ya dawo gida ba shi da zance sai na wani mai zane Ba'amurke da ya daɗe da mutuwa. Ya riƙa nuna mana ayyukansa a waya: mace zaune ita kaɗai a bakin taga, kanti babu mai saye, titi fayau da hantsi. Wai mutumin ya yi shekaru babu mai kula shi, domin ba ya ƙara wa abu kyau, yadda ya gan shi haka yake zana shi. Baba ya leƙa wayar ya ce, "Ai dole a ƙi saye. Ko akuya babu a ciki."

Duk da haka, da ya ji za a zana wani a gidan, bai yi shakkar ko wane ne ba. Ya aika da babbar rigarsa wajen masu bugu, ya riƙa zama a zaure da yamma, wuya a miƙe, ko tari ba ya yi. Ƙanena kuwa sai ya gaishe shi ya shige ɗakinsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya fito da zanen tsakar gida, ya jingina shi da bango, ya yaye ƙyallen. Babu babbar riga a ciki. Wata tsohuwa ce zaune kan turmi a ƙofar madafi, kwano a cinyarta, ta bar cin abincin tana kallon ƙasa. Wuyanta ya rame, ƙafafunta kuwa sun kumbura har igiyar silifas ta nutse a ciki.

Baba ya matsa kusa ya ce, "Wannan tsohuwar ta wane gida ce?"

"Inna ce, Baba."

"Innar wa?"

"Innarmu."

Sai ga Inna ta fito daga madafi tana goge hannu. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta ce, "Duk zannuwana, ka rasa wanda za ka ɗaura mini sai na tuƙin tuwo?"

Babu wanda ya yi dariya. Ni da nake aure a unguwar, kullum sai na leƙo na gaishe ta, ranar na fara sunkuyawa na dubi ƙafafunta. Haka suke. Ƙanena bai ƙara komai a zanen ba. Na ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce tun damina, kuma ai tsufa ne, kada mu dame ta.

Washegari Baba yana da tafiyar kasuwa, ya fasa, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Da kansa ya kai ta asibiti a Katsina. Likita ya ce zuciyarta ce ta fara gajiya, da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani daban. Inna ta yi shekaru masu yawa bayan nan, tana shan magani, tana mitar an hana ta gishiri, tana kuma ɗora laifin a kan mai zane.

Tun daga ranar na gane cewa zama da mutum kullum ba ya nufin kana ganinsa. Yanzu idan na gaida nawa ya ce mini lafiya lau, ba na wucewa. Ina tsayawa in dube shi da kyau, tun daga fuska har ƙafa.