Ranar da Dakta Rukayya Ta Kai Uwar Miji Ɗakin Haihuwa

A zamaninmu, likitan da aka tura ƙauye ba a tambayarsa ko yana son karɓar haihuwa. Yanzu kuwa likitan iyali, wato mai duba kowa daga jariri har tsoho, shi ke zaɓa, kuma da yawa sukan ce a'a. Na yi aikin ungozoma a Legas, na yi a Jidda, na yi a Maraɗi, na ji dalilai iri-iri: wannan tsoron shari'a, wancan rashin hutu. Amma na Dakta Rukayya ban taɓa mantawa da shi ba.

Saura wata biyu in yi ritaya aka turo mana ita wani ƙaramin asibiti a yankin Faskari. Idan ba ta sa hannu ta karɓi ɗakin haihuwa ba, rufe shi za a yi bayan tafiyata, mai naƙuda sai dai a kwashe ta zuwa Ƙanƙara. Na tambaye ta abin da ya hana.

"Hajiya, ihu nake tsoro," in ji ta. "Inda na yi horo, wata mai naƙuda ta shaƙe ni da wuyan rigata tana zagin mijinta har kakansa. Kwana uku kunnena na ƙara."

Na ce mata Bayarabiya takan kira sunan miji unguwa ta ji, Balarabiya ta tara dangi da kururuwa, amma matan nan dabam suke. Ta ce naƙuda dai naƙuda ce.

Wata Talata da hantsi, cikin damina, ina ɗakin magani aka kawo mata biyu a babur daga wata ruga kusa da Sheme. Ɗaya tsohuwa ce mai jiki, Inna Hajo, tana ta "Wayyo bayana! Wayyo ƙuguna!" Ɗayar matar ɗanta ce, Hansatu, ta samu benci ta zauna cikin zurmemen hijabi tana kallon ƙasa. Dakta ta yi ta maza, ta ɗora tsohuwa a keken marasa lafiya, sai ɗakin haihuwa da gudu.

Na iske Dakta ta sa safar hannu, tana yi wa tsohuwa tambayoyi.

"Inna, tun yaushe ya fara?"

"Tun kan hanya, ɗiyata."

"Haihuwa ta nawa ke nan?"

Tsohuwa ta tashi zaune. "Ke 'yar nan! Autana ma ya yi gemu! Babur ya kakkarya ni. Mai haihuwar na waje."

Muka fito a guje. Hansatu na nan yadda aka bar ta, sai dai zufa ta jiƙa goshi, ta danne yatsun ƙafa cikin silifa, ta ciji gefen hijabi. Haihuwar fari ce, ga uwar miji kusa, ko tari kunyarsa take ji.

"Baiwar Allah, kina jin ciwo?" in ji Dakta.

"A'a. Lahiya lau."

Kan jaririya kuwa ya riga ya sauko. Inna Hajo ta ƙi sauka daga gado, wai katifar ta karɓe ta, dole muka yi amfani da na biyu. Cibiya ta naɗe wuyan jaririyar. Ina kallo Dakta ta sa yatsa ta zare ta a natse. Jaririya ta tsala kuka, Inna ta rangaɗa guɗa daga kwance, sannan ta ce tunda an kawo ta a duba mata ƙugun.

Bayan la'asar Dakta ta same ni da takardar karɓar ɗakin haihuwa.

"Hajiya, mai ihu kowa zai ji ta. Irin waɗannan fa, in ba mai kallonsu, a benci za su haihu."

Ta sa hannu.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: a ƙasar nan kada ku jira mace ta ce tana ciwo, ku dubi goshi da yatsun ƙafa. Ba a rufe ɗakin ba. Har yau Dakta Rukayya ce ke riƙe da shi, kuma ba ta zama ofis da safe sai ta bi bencin nan mace bayan mace.