Hancin Mai Aski

Shekara ashirin da biyu mai askin nan yana shago ɗaya: kujera mai juyawa da ta daina juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, da benci inda marasa aikin yi ke zama suna gyara duniya. Abin alfaharinsa kuwa hancinsa ne. Kafin ya shafa wa kowa sifirit a ƙeya bayan aski, sai ya buɗe kwalbar ya sansana, don masu sayarwa sun iya sirka shi da ruwa. 'Yan benci suka laƙaba masa Hanci, shi kuma yana amsawa har da fara'a.

Su biyu ne maza a gidansu, shi da Auta, direban babbar mota. A shekarar korona, kwana uku bayan an sanar cutar ta shigo garin, Auta ya dawo daga doguwar tafiya, ya shiga ɗakin Baba ya gaishe shi hannu da hannu. Kwana tara tsakani tsohon ya rasu, numfashi ya gagare shi. Tun yana jinya ba wanda ya tsaya dogon tunani, wanda ya je nesa ai shi ya kwaso cutar. Hanci ne ya fara faɗa, a tsakar gida, gaban mata da yara, kuma bai faɗa a hankali ba. Auta ya ɗauki jakarsa ya fita. Tun daga ranar sai dai a ji labarinsa a tasha.

Bayan shekara uku, wata rana da hantsi, Hanci yana gyara wa wani saje sai aka sa wata likita a rediyon shagon. Ta ce suna zargin cutar korona ta riga sanarwar isowa da makonni, mutane suna ɗauka mura ce. Ta ce cikin alamunta har da daina jin ƙanshi.

Wani ɗan benci ya kece da dariya.

"Hanci, ka tuna lokacin da ka tara wa mai sifirit jama'a?"

Ya tuna, har kilifa ta tsaya a hannunsa. Sati biyu kafin sanarwar ne ya buɗe sabuwar kwalba, ya sansana, bai ji komai ba. Ya mayar, aka ba shi wata, ita ma haka. A ta uku ya kira bawan Allah azzalumi a tsakiyar kasuwa. A satin ne ya ce girkin matarsa ba shi da ɗanɗano, har ta yi fushi. Ga tari, ga ciwon gaɓoɓi, amma ko yini ɗaya bai rufe shago ba, don shi a wurinsa kwanciya ragwanta ce. Kuma duk sati yana shiga ɗakin Baba ya riƙe haɓarsa ya gyara masa gemu, fuska dab da fuska. Maganin tarin da ke gefen gadon tsohon ma shi ya sayo, tun Auta yana hanya.

Da ya gaya wa matarsa, ta daɗe tana ninke zane ɗaya.

"Maigida, ba ka da tabbas fa. Ba wanda ya gwada ka."

"Ranar da na kori yaron nan, tabbas nake da shi?"

Kunya ta hana shi sakat kwana biyu. A na uku ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi tasha. Ya tarar da Auta a tsugune yana duba taya, har ya fara furfura. Hanci ya tsuguna kusa da shi, ya zayyana masa komai, bai rage ba.

Auta bai ɗago ba.

"Wato kai ne ke nan, Yaya?"

"Ban sani ba. Wataƙila ni ne, wataƙila wani ne. Amma na ɗora maka abin da ban sani ba. Ka yafe mini."

Auta ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa.

"Abu ɗaya nake son sani. Da zai cika, kun hana ni shiga. Ya neme ni?"

Hanci ya so ya yi ƙarya, don da ta fi sauƙi.

"Ya neme ka. Sau uku yana cewa a kira masa Auta. Ni na ce masa ka fita."

"Ina bakin ƙofa, Yaya," in ji Auta. "Ina jin muryarsa. Na ɗauka cewa yake kada a bar ni in shigo."