Yayana Ya Rasu, Amma Imel Ɗinsa Bai Huta Ba

Shekara shida ke nan da aka binne yayana Attahiru a Tambuwal, amma ko a makon jiya ya aika wa mutane imel. Ba wasa nake yi ba, kuma ban zautu ba. Na so a ce wannan waiwaye addu'a ce zalla da tuna alheri, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Sai dai raina a ɓace yake, kuma gara in faɗi dalili.

Yaya ma'aikaci ne a wata ƙungiya mai raba wa manoma iri. Ofishinsu yana Tambuwal, amma ma'aikatan a warwatse suke: wani a Jabo, wani a Dogon Daji, wasu can Kebbe da Fakku. Matsalarsu ɗaya ce. In kana cikin ofis, a kan intanet ɗin ofis, ka rubuta imel da sunanka ka danna, ya tafi, babu mai tambayarka. Ka koma gida ka jona kwamfutar da wayarka, sai saƙon ya maƙale. Na'urar da ke fitar da saƙonni a hedikwata ba ta sanin mutum sai ya zo ta ƙofar ofis. Daga waje sai ka ba ta suna da kalmar sirri, ta tabbatar kai ne. Duk reshen kuwa Yaya kaɗai aka ba wannan izini, don shi ke haɗa rahoto.

Wanda ya san shi ya san abin da zai biyo baya. Ba ya iya ganin mutum cikin wahala ya kau da kai. Yana kallo ma'aikacin Fakku zai taso babur da damina, cikin taɓo, don kawai ya danna maɓalli ɗaya a ofis ya juya. Ya nemi hedikwata ta ba kowa nasa izinin, aka ce ana dubawa. Da ya gaji da jira, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa musu sunansa da kalmar sirrinsa. Tun daga ranar, duk saƙon da ya fito daga gidan wani ma'aikaci, sunan Attahiru ne a kansa.

Na yi masa faɗa, don ni bakina ba ya shiru. Na ce, "Yaya, sunanka na fa kab ba su, ba goro ba." Ya yi dariya ya ce, "Altine, aro na. Da an gyara za su maido min abina."

Ba a gyara ba. Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Abokan aikinsa sun zo gaisuwa, sun yi kuka, har da shugaban ofishin. Suka koma suka ci gaba da aika saƙo da sunansa.

Na daɗe ina haɗiye abin, ina cewa sakaci ne, za su farga. Sai bara 'yarsa Nana, wadda ke aure a Kebbe, ta kira ni tana kuka. A cikin motar haya ta ji wani magidanci yana ja wa "wani Attahiru na ofishin Tambuwal" Allah ya isa. Sabon ma'aikaci ne daga Fakku. An sallame shi ta imel da kalmomi masu zafi, shugaban ne ya rubuta daga gidansa, bai sa hannu ba. Mutumin bai taɓa ganin Yaya ba, sunan da ya gani a saman saƙon shi ya kama. Nana tana zaune a bayansa ana tsine wa ubanta, mutumin da ko akuya bai taɓa daka wa tsawa ba.

Washegari na ɗauki mayafina na tafi ofishin. Shugaban ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, suna na kawai. Kowa ya san ya rasu." Na ce, "Mutumin Fakku bai sani ba." Ya ce sun sanar da hedikwata, ana dubawa. Kalmar da aka gaya wa Yaya yana raye, ita aka gaya min yana kabari.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, hedikwatar ta tashi ta ƙara tsaro. Yanzu duk wanda zai aika saƙo daga waje, sai an turo wata lamba zuwa wayar mai sunan. Suna da dabarar wannan, amma ba su da dabarar gane cewa mai sunan ba ya duniya. Layin Yaya kuwa yana cikin wayar matarsa, Kulu. Sai ga shi manyan ma'aikata suna kiran matar mamaci, tana tsakar tuƙin tuwo, ta karanto musu lamba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Na san shi, uzuri zai fara ba su, ni kuma in sake yi masa faɗa. Amma da ya ji labarin mutumin Fakkun nan, da ya kasa cin abinci, domin saboda irinsu ya ba da sunan tun farko.

Na tafi wurin Kulu da niyyar in karɓi layin in karya shi kowa ya huta. Ta hana. Ta ce, "In kin karya shi, 'yan Fakku su koma hawan babur cikin ruwa. Abin da yaƙ ƙi gani ke nan." Na ce to Nana fa, da abin da kunnenta ya ji? Ta ce, "Bar ni da su."

Tun daga lokacin, duk wanda ya kira, sai ta ce, "Mi za ka rubutawa da sunan mijina? Karanta min." A makon jiya ma'aikacin Jabo ya karanta mata sanarwar cewa iri ya iso, ta ba shi lambar har da sa albarka. Shi ne saƙon da na ce Yaya ya aika. Bayansa shugaban da kansa ya kira. Gargaɗi zai aika wa wata ma'aikaciya da ta yi fashin aiki tana jinyar mahaifiyarta. Ya karanta, Kulu ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wagga magana ba ta Attahiru ba ta. Ba ni ba da lamba." Dole ya tashi ya tafi ofis ya aika da sunansa. An ce da ya ga sunan nasa a sama, rabin maganar ya goge.

Har yanzu ban huce ba. Ina so a ba kowane ma'aikaci izininsa, ya ɗauki nauyin bakinsa, a bar yayana ya kwanta. Bai bar gida babba ba, bai bar gona mai faɗi ba, suna ya bari, shi ma a hannun mutane. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka. Aron da ka bayar har yau ba a maido ba, amma Kulu tana tsare maka shi.