Mutum uku suka dangwala yatsa, aka tashe mu duka

Shekarun baya can, bayan rikicin tsadar burodi a Alƙahira, muna zaune a gefen unguwar Arba wa Nus, mu Hausawan da muka gangaro daga Sudan. Da hannunmu muka gina ɗakunan, ni ma na ɗauki bulo a ka har wuyana ya ƙage. Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ne dattijon unguwar. Ko rigimar famfo aka yi sai an zo gabansa.

Sai wani attajiri ya ce filin nasa ne. Duk lokacin da ya aiko, mijina ya tara jama'a, kowa ya ce ba inda za shi. Da attajirin ya gaji, ya kira mutum uku daga cikinmu ya ba su shayi, suka dangwala yatsa a takardar yarda da tashi da sunan unguwa gaba ɗaya. Ɗayansu ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ina tankaɗe ƙanin ya shigo ya faɗa da bakinsa. Ya ce ko da takarda ko babu tashinmu za a yi, gara mu tashi da motar kaya da wurin sauka. Mijina ya dube shi ya ce:

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Yaya. Na hango abin da ke tafe ne."

"To da bakin wa ka yi magana?"

Mijina ya kwashi magidanta suka je gaban hukuma, suka ce ba da yawunsu aka yi ba. Jami'in ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, takarda ta sha hatimi, kuma ai naku ne suka sa hannu.

A tsakiyar sanyi aka tashe mu. Wurin saukar kuwa fili ne a hamada, ba rufi ba ruwa. Tari ya kama mijina, kafin sanyin ya wuce na shiga takaba. Har yau in na tuna sai na yi kuka.

Jikata mai rubuta mini wannan ta ce ta karanta an yi wa wata ƙabila a Amurka haka, wai Cherokee. 'Yan kaɗan suka sa hannu, aka kori dubbai, da yawa suka mutu a hanya. Na ce Allah sarki, ashe ba a kanmu aka fara ba.

Ƙanin nan shi ya riƙe 'ya'yana har suka girma, ban taɓa goranta masa ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya tambaye ni ko an yafe masa. Na ce nawa dai na yafe, amma sauran gidajen ba su wakilta ni ba.