Igiyar da ta yi kuɗin rago

'Yan uwa, yau na sayi igiya mafi tsada a Agadez!

Kun san na zo daga Katsina sunan ɗan ƙanwata. Mijinta Musa zai je kasuwar dabbobi sayen rago, na ce ni zan yi cinikin, ya ga aikin Bakatsiniya.

Muka tarar da wani tsohon Buzu riƙe da rago, haƙarƙarin ragon duk a waje. Ya ce jika arba'in na sefa, wato dubu arba'in. Na murtuke na ce ashirin, ina jiran albarka.

Sai ya ce, "Ɗauki, 'yata."

Na tambaye shi dalili. Ya ce fari ya cinye garken, wannan ya rage, kuma gida babu hatsi.

Na ce, "Baba, talatin."

Ya ce, "Ciniki ya faɗa."

"Arba'in!"

"Ba bara na zo ba."

Musa ya dafe kai. "Yaya, haka ake ciniki a Katsina?" Har wani soja ya matso yana tambaya, "Madame, wa ke saye, wa ke sayarwa?"

Tsoho ya karɓi ashirin ɗinsa, ya fara kwance igiyarsa, don ba a sayar da ita da rago. Na damƙe ta.

"Wannan fa? Na saya jika ashirin, ba ragi!"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya cikin rawaninsa. "Allah ya ba da riba."

Maigida Abban Hafsa, ga tsarabarka nan, kar ka tambayi kuɗinta!